Mene ne antioksidan, kuma me mai olsa zai yi da shi?

Kalmar ta cika kwalaben da ke jere a kemis da tallace-tallacen da ake turawa ta WhatsApp. Wannan ya ce tana wanke jini, wancan ya ce tana gyara ciki, har ka ga mai fama da gyambon ciki ya kashe kuɗi a kan kwalba ɗaya fiye da na maganin da likita ya rubuta masa. Antioksidan dai ba sunan wani magani ba ne. Sunan aiki ne da wasu sinadarai ke yi.

Fere dankalin turawa ka bar shi a faranti, ba da jimawa ba za ka ga ya fara duhu. Iskar oksijin ce ta taɓa shi. Matsa masa lemon tsami, sai duhun ya yi jinkirin fitowa. Makamancin wannan na faruwa a jikin mutum. Duk sanda jiki ya ƙona abinci da oksijin don samun kuzari, akan samu wasu ɓurɓushin sinadarai masu lalata abin da suka ci karo da shi, kuma hayaƙin taba da kumburin da ya daɗe suna ƙara yawansu. Abin da ke tare su kafin su yi ɓarna shi ne antioksidan. Bitamin C na ciki, da bitamin E, da beta-karotin da ke cikin karas da manja. Jiki ma yana haɗa nasa da kansa.

A nan masu talla suke yin tsalle, su ce tunda kaɗan na da amfani, mai yawa ya fi. An gwada hakan. A ƙasar Finland an yi bincike kan maza masu shan taba kusan 29,000, kuma sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani binciken a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan dalili. Abin da ke da kyau a cikin miyar zogale ba lallai ya zama mai kyau ba idan aka tattara shi a ƙwaya guda.

Ga mai olsa, maganar ta fi haka nauyi. Galibin gyambon ciki ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Ƙwayar bitamin ba ta kashe wannan cuta. Gwaji ake yi, idan an same ta sai a sha haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kimanin mako biyu.

Amma fa akwai giɓi na gaske na sinadaran gina jiki da ciwon ciki mai daɗewa ke barin mutum da shi, kuma shi ya kamata a bi. Wanda ya shekara da shekaru yana shan omeprazole ya rage tsamin cikinsa, alhali jiki na buƙatar wannan tsamin don tsotse bitamin B12 da sinadarin ƙarfe daga abinci. Magnesiyam ɗinsa ma na iya yin ƙasa. Gyambon da ke tsiyayar jini a ɓoye yana kawo ƙarancin jini: kasala, jiri, haki idan an ɗan yi tafiya. Mai cutar Crohn kuwa, wato kumburin hanji mai daɗewa, sau da yawa ƙarshen ƙaramin hanji take kamawa, daidai wurin da B12 ke shiga jiki. Gwajin jini ne zai nuna wanne ya ragu, kuma wannan ne kaɗai ya cancanci kuɗinka.

Ko wanda ake buƙatar ma sai da lura. Babban mutum na buƙatar bitamin C miligiram 75 zuwa 90 a rana, gwaiba ɗaya ta isa, amma ƙwayar da ake narkarwa a ruwa takan ɗauki 1,000. Mai yawansa na sa murɗar ciki da zawo, ga kuma ciki da ma a gyambace yake.

Ƙwayar ƙarin jini ta fi ba ni damuwa. Tana iya sa tashin zuciya, tana kuma mayar da bahaya baƙi. Jinin da ke zuba daga gyambo shi ma baƙi yake fita, mai danƙo kamar kwalta da wari mai ƙarfi. Wanda ya saya wa kansa ƙwayar ba da sanin likita ba zai iya ganin alamar zubar jini ya ce ai maganin ne. Kada kuma a haɗiye ta da shayi ko tare da farin maganin ruwan nan na ƙwannafi, don suna hana ta shiga jiki. A bar tazarar kamar awa biyu.

Bitamin A da D kuwa taruwa suke a jiki idan sun yi yawa, don haka kada a haɗa kwalabe biyu ko uku ba a karanta abin da ke cikin kowacce ba. A duba lambar NAFDAC, da sanin cewa rajista take nunawa, ba shaidar waraka ba. Ranar ganin likita a tafi da kwalaben gaba ɗaya a leda, har da na gargajiya, ya duba su tare da sakamakon gwajin.