Madaurin babban tankin kifin ruwan gishiri, ga amsoshinku

Tambayoyin nan kullum su ne dai, na gaji da maimaitawa, to ga su a wuri ɗaya.

Wai dole sai an sa madauri a saman tanki, wato abin da ke riƙe gilashin gaba da na baya kar su buɗe?

In zurfin ruwanka ya kai santimita 70, eh. Sai fa in kana da kuɗin gilashi mai kaurin gaske.

Yawan lita ne ke sa gilashi ya turo waje?

A'a, zurfi ne, tsawon gilashin kuma ya ƙara masa. Ka ninka zurfi sau biyu, turin ruwa a jikin gilashi ya ninka sau huɗu. Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 75 yana cin lita 810, gilashin gaba kaɗai na shan turi wajen kilo 500, dare da rana.

In kai wa mai walda ya haɗa min firam?

Kar ka soma. Gishiri zai cinye baƙin ƙarfe, tsatsa ta riƙa ɗiga cikin ruwa. Jan ƙarfe kuwa kashe murjani da jatan lande yake.

Madaurin tsakiya yana tare min hasken fitila, zan iya cire shi?

To nan ne fa. Gaskiya ne yana yin inuwa, gishiri ya bushe a kansa fari fat, ga wahalar shigar da manyan duwatsu. Amma wanda ya haɗa tankin ya zaɓi kaurin gilashin ne da lissafin madaurin yana nan, ka yanke shi haka kawai tsakiyar gilashin gaba zai fara turowa waje, silikon na kusurwa, wato gam ɗin da ya manne gilasan, ya yi ta shan ja, kuma ba lallai ya fashe ranar ba, yana iya jira sai kana barci. Abin da ake yi shi ne a canza zuwa Eurobrace, wato sillayen gilashi masu faɗin kamar santimita 8 zuwa 10 da ake mannawa su kewaye bakin tankin ta ciki, tsakiya ya zama a buɗe. Yana aiki, amma ya danganta da kaurin gilashinka da tsawon tankin, in gilashin milimita 12 ne ga zurfi 75 ga tsawo ya kusa mita biyu, ni dai ba zan yarda da shi shi kaɗai ba, sai na bar siririn madauri ɗaya a tsakiya. Kuma sai ka kwashe ruwan tukuna, ba a manna wa gilashin da ya riga ya lanƙwasa. In tankin akirilik ne ma, wato robar nan mai kama da gilashi, manta da zancen, ya fi gilashi lanƙwasa, kuma silikon ba ya kama shi da kyau.

Madaurin roba ya tsage, in jira ƙarshen wata?

Haba malam. Rage ruwan zuwa rabi yau ɗin nan, sannan ka nemi gyara. Kwantar da hankalinka, kifin ba abin da zai same su muddin injin tankin na juya ruwa.

Kowane silikon ya yi?

A'a. Na banɗaki yana da maganin fumfuna, guba ne ga kifi. Nemi na tankin kifi, ka bar shi ya bushe aƙalla sati guda, ka cika tankin da ruwan famfo a tsakar gida ka gwada kafin ya shiga falo.