Koyon kiɗan rawar gargajiya na Ayalan da sarewa

Sarewar Ayalan sarewa ce ta itace mai hudoji shida da ake busawa a kaikaice. Tare da goge irin na Turai da algaitar jaka da ake matsa wa iska da gwiwar hannu, tana cikin kayan da suka fi ɗaukar kiɗan rawar gargajiya na ƙasar. Kiɗan ba shi da baiti, don ƙafafun masu rawa aka tsara shi. Saboda haka abin da ake fara nema ga mai koyo shi ne riƙe kari da sarrafa numfashi. Kwalliyar yatsu da ke jan hankalin baƙo daga baya take zuwa.

Asalin sarewar

Duk da sunan da take amsawa, ba a Ayalan aka ƙirƙiro ta ba. Sarewar manyan ɗakunan kiɗa ce ta ƙarni na 19, wadda maƙera a Landan irin su Rudall da Rose suka yi suna da ita. A 1847 Theobald Boehm, wani Bajamushe, ya fito da sabon tsari mai maɓallai da yawa, ƙwararru suka riƙa komawa kansa, tsofaffin sarewun itace suka faɗi warwas a kasuwa. A haka suka shiga hannun manoma da 'yan ƙwadago na Ayalan, musamman a yankunan Sligo da Leitrim da Roscommon. John McKenna, mutumin Leitrim da ya rayu daga 1880 zuwa 1947, ya naɗi faifai a Niyok a shekarun 1920 da 1930, kuma har yau ana koyon bugun numfashi daga faifansa. Matt Molloy na Roscommon, wanda ya shiga ƙungiyar The Chieftains a 1979, shi ya kai amon sarewar kunnen duniya.

Maƙeran yau ƙira biyu suka fi kwaikwaya. Ƙirar Pratten, mai ɗauke da sunan wani gwanin busa na Ingila, tana da faɗin ciki da manyan hudoji, tana da ƙara, tana kuma cin iska. Ƙirar Rudall ta fi matsewa, amonta ya fi zaƙi, ta fi sauƙi ga mai ƙaramin huhu ko gajerun yatsu.

Sassanta da zaɓen ta farko

Tsawon sarewar ya kama daga wajen santimita 60 zuwa 67, kuma ana harhaɗa ta daga gaɓoɓi uku zuwa biyar. Kai shi ne ke ɗauke da hudar busa da toshiyar kwalaba a ciki. Bayansa akwai bututun ƙarfe mai zamewa na saita amo, sai gangar jiki mai hudoji shida, sai ƙafa. Cikin gangar yana tsukewa daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan tsukewar ce ke ba sautukan ƙasa kauri. Sabon shiga yakan ga ƙarin hudoji biyu a ƙafar wasu sarewu ya rasa yatsan da zai kai can. Ba a rufe su, mafitar iska ce kawai.

An fi yin ta da baƙin itacen nan na Afirka da ake sarowa daga Tanzaniya da Mozambik. Akwai kuma ta roba mai tauri da ake kira Delrin, wadda ba ruwanta da zafi ko laima. Mai koyo ba ya buƙatar maɓallai, domin mafi yawan kiɗe-kiɗen rawa suna fita daga hudoji shidan nan. Abin gudu shi ne sarewa mai araha wadda ba a san maƙerinta ba. Sau da yawa ba a fafe cikinta daidai ba, sautukan ba sa jituwa, mai koyo ya shekara yana zargin leɓensa alhali laifin icen ne. Mutane da yawa sukan fara da usur ɗin gwangwani na D (da haruffan boko ake kiran sautuka, D ɗaya ce daga cikinsu), tunda zaman yatsunsa ɗaya ne da na sarewar.

Zaman yatsu

Yatsu uku na hagu, wato manuniya da na tsakiya da na zobe, su ke rufe hudojin sama; ukun dama su rufe na ƙasa. Idan an rufe duka shida, D ke fita. A ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, a sami E, F#, G, A, B, in an buɗe duka kuma C#. C tsura, wadda kiɗe-kiɗen G ke buƙata, ana samun ta ne da buɗe hudar farko a rufe ta biyu da ta uku. D ta hawa na biyu, wato inda jerin sautukan ke sake farawa da siririyar murya, tana fita da tsabta idan an rufe duka ban da ta farko. Kusan duk kiɗan rawa yana tsakanin D ta ƙasa da B ta hawa na biyu.

Da tafin yatsa ake rufe huda, ba da tsininsa ba. Wurin da aka fi samun yoyon iska shi ne huda ta shida, saboda tazarar da ke tsakaninta da ta biyar. Duk wanda D ta ƙasa ta ƙi fito masa, ya fara duba yatsan zobe na dama kafin ya taɓa komai. Matse sarewa da ƙarfi ba ya maganin yoyo, sai dai ya kawo ciwon wuyan hannu ya kuma daskarar da yatsu.

Leɓe da iska

Nan ne mafi yawan masu koyo ke daɗewa. Ana farawa da kan sarewar shi kaɗai, gaban madubi. A ɗora gefen hudar busa a ƙarƙashin leɓen ƙasa, leɓen ya rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na hudar, a tsuke baki har kafar iskar ta zama siririya kamar ƙwayar shinkafa, a nufi gefen hudar na can da ita. Masu busar Ayalan sukan murza kan sarewar zuwa ciki kaɗan su tura iskar ƙasa, don su sami amo mai duhu da ɗan gurnani. Abin da ake auna mai busa da shi shi ne D ta ƙasa: ana so ta fito da tauri, a kan gaɓar tsallakawa hawa na biyu amma ba ta tsallaka ba.

Jiri a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Kafar leɓe ce ta yi faɗi, iska tana zubewa a banza, mutum yana ta shaƙa. A huta, a dawo. Hawa na biyu kuma ba da ƙarfin busa ake samunsa ba. Kafar ake ƙara tsukewa iskar ta yi sauri. Wanda ya hau da ƙarfin tsiya, sautukansa na sama za su zarce saiti su yi tsiwa. Minti goma na jan dogayen sautuka kowace rana ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Ire-iren kari

Ril shi ne sarki a yawa. Gaɓarsa, wato ɗan yankin da ake ƙirga kiɗa da shi, tana da gajerun sautuka takwas, nauyi a kan na farko da na biyar, kuma a wajen rawa yana gudu kusan bugu 110 zuwa 120 a minti. Jig yana tafiya a 6/8, sautuka shida kashi biyu, uku-uku, na farkon kowane uku ya ɗan fi tsawo. Akwai jig na 9/8 mai uku-uku sau uku. Honfayif yana da lissafin ril amma a hankali, da ɗingishi na dogo da gajere, kuma yakan rufe sashe da bugu uku masu nauyi. Folka mai 2/4 da silayid mai 12/8 na yankin Sliabh Luachra ne, a kan iyakar Kerry da Cork.

Ginin kusan ɗaya ne a ko'ina: sashe na farko gaɓa takwas a maimaita, na biyu gaɓa takwas a maimaita, jimla gaɓa 32. Sashe na biyu yakan hau sama. Idan aka saurara da kyau za a ji cewa gaɓa ta biyar da ta shida galibi maimaicin ta ɗaya da ta biyu ne, kuma ƙarshen sassan biyu yakan zo iri ɗaya. Ashe abin haddacewa bai kai yadda ake tsoro ba. Malamai da yawa da folka ko jig suke farawa, su ajiye ril sai yatsu sun saki.

Kunne kafin takarda

An rubuta kiɗe-kiɗen da yawa. Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago kuma mai busa sarewa, ya buga kundi mai kiɗa 1,850 a 1903, da wani mai 1,001 a 1907. A intanet ana musayarsu da rubutun ABC, wanda ke amfani da haruffa da lambobi da alamomin rubutu na yau da kullum. Amma takarda ƙashi ce kawai. Tana nuna sautukan jig shida da tsayi ɗaya, alhali ba wanda ke busa su haka. Wanda ya koya daga takarda kaɗai ana gane shi tun gaɓar farko: komai daidai, ƙafar kowa kuma a ƙasa.

Hanyar da aka saba ita ce a saurari kiɗa har a iya rera shi da baki ba tare da faifai ba. Sannan a rage saurin faifan zuwa rabi, a ɗauki gaɓa biyu-biyu, a haɗa su huɗu, a kai takwas. Ana buga ƙafa tun ranar farko. Ba a ƙara sauri sai an busa kiɗan sau uku a jere ba tuntuɓe, kuma wurin da ke kawo tuntuɓen shi ake cirewa a yi ta maimaitawa, ba a koma farko kowane lokaci ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu a wuri mai sauƙi da jan ƙafa a wuri mai wuya.

Inda ake shan iska

Kiɗan rawa ba shi da wurin hutu, kuma mai goge ba ya buƙatarsa. Mai sarewa shi ke ƙirƙiro nasa ta hanyar jefar da sauti ɗaya ya shaƙi iska a gurbinsa. Dokar ita ce ba a taɓa jefar da sautin da nauyin kari ke kansa. A jig, idan rabin gaɓa G ce sau uku, sai a busa ta farko da ƙarfi, a sha iska a gurbin ta tsakiya, a dawo kan ta uku a kan lokaci. A ril ana zubar da ɗaya daga sautukan da ba su da nauyi, ko a gutsure dogon sauti. Wanda ya ƙara wa gaɓa lokaci don ya numfasa ya karya rawa.

Kada a jira sai huhu ya ƙare, domin jimlar ƙarshe za ta faɗi ƙasa da saiti. Kada kuma a riƙa shaƙa a ƙarshen kowace gaɓa takwas kamar agogo. Gwanaye sukan sauya wurin a kowane zagaye, har gibin ya zama ado. A nan salo ya rabu: na Leitrim da Roscommon yana dukan kari da bugun iska daga ciki, na gabashin Galway, wanda Paddy Carty ya yi fice da shi, yana malala da dogayen jimloli.

Kwalliyar yatsu

Ba a cika datse sauti da harshe ba. Yatsu, da wani lokaci maƙogwaro, su ke raba sautuka, dabarar da aka gada daga masu algaitar jaka waɗanda iskarsu ba ta tsayawa. Yanka, wanda suke kira kat, shi ne ɗaga yatsan da ke sama da sautin a mayar nan take. Dangwala, wato tap, ita ce buga hudar da ke ƙasa da sautin a ɗage. Dukansu bai kamata a ji su kamar sauti ba, sai kamar ƙyaftawar ido.

Haɗa su ke ba da rol. Dogon rol a kan G yana cin gurbin sautuka uku: a busa G, a yanka da yatsan zobe na hagu, a dangwala da manuniyar dama, iska ba ta yanke ba. Gajeren rol gurbi biyu yake ci, da yanka yake farawa. Ɓarnar da aka saba ita ce a dunƙule yanka da dangwala wuri ɗaya cikin gaggawa, maimakon a bar ukun su zauna a kan kari. D ta ƙasa ba ta da hudar da za a dangwala, don haka ake jera mata yanka biyu ko uku da yatsu daban-daban, abin da suke ce wa "cran".

Busa cikin jama'a

Zaman kiɗa da ake kira seshan galibi a mashaya ko gida ake yinsa. Ana busa kiɗa sau biyu ko uku a zarce zuwa wani mai kari iri ɗaya. Wanda ya fara shi ke da sauri, kuma tunda bakin mai sarewa a cike yake, da ɗaga ƙafa ko ido yake sanar da sauyi. Wanda bai san kiɗa ba ya ajiye sarewa a cinya ya saurara. Ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, da aka kafa a Mullingar a 1951, tana da azuzuwa a ciki da wajen ƙasar, kuma tun 1973 ake makarantar bazara ta Willie Clancy a Miltown Malbay kowane watan Yuli.

Kula da itace

Sabuwar sarewa ba a yi mata doguwar busa: minti goma zuwa goma sha biyar a rana a makon farko, a riƙa ƙarawa. Bayan kowace busa a warware gaɓoɓin, a zura tsumma a tsane cikin. Ana shafa man almon a ciki lokaci-lokaci, da maiko a mahaɗai. Toshiyar kai tana zama wajen milimita 19 daga tsakiyar hudar busa. In ta gusa, hawa biyun ba za su jitu ba. Tsagewa ta fi faruwa a kai, inda itace ke ƙanƙancewa a kan bututun ƙarfen da ba ya motsi. Alamar farko ita ce zoben ƙarfe na bakin gaɓa ya fara kwance. A wuri mai busasshen hunturu irin na Kano ko Damagaram, sarewar itace tana buƙatar akwati mai rufi da ɗan jiƙaƙƙen soso a ciki, wanda bai taɓa icen ba.