Waiwaye: Yajin aikin marubutan Holiwud da awa 400 ɗin ma'aikatan bayan fage

Tun ranar 27 ga Satumba 2023 marubutan fim da talabijin na Amurka suka janye yajin aikinsu, 'yan wasan fim kuma suka janye nasu ranar 9 ga Nuwamba, amma har yau gardamar ba ta lafa ba a Los Angeles. Masu haska fitila, kafintoci, direbobi da masu kwalliya sun zaci da an buɗe ƙofa aiki zai dawo kamar da. Bai dawo ba. Har kirari suka yi wa shekarar 2024, suna ce wa juna a daure dai a kai 2025. Ita ma 2025 ta zo da gobarar dajin da ta auka wa Los Angeles a Janairu, kuma sai da jihar Kalifoniya ta ɗaga rangwamen harajin da take bai wa masu shirya fim daga dala miliyan 330 zuwa 750 a shekara don ta riƙe aikin a gida. Wasu na cewa marubuta ne suka kashe kasuwa, wasu na cewa ai haƙƙinsu suka nema. Ni dai a ganina yajin aikin ya tarar da ma'aikatan bayan fagen nan ne tuni suna tsaye a bakin gaɓa, kuma ruwa ba ya tsami banza: batun awa 400 ɗin aikin da sai sun cika kafin su samu inshorar lafiya na cikin tushen abin.

Su wa ake nufi da ma'aikatan bayan fage? Su ne sunayen nan da ke gudu a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya tashi neman abin sha. Yawancinsu 'yan ƙungiyar ƙwadago ta IATSE ne, wadda aka kafa tun 1893, direbobi kuma na ƙungiyar Teamsters. Ba su ne suka tafi yajin aiki a 2023 ba, marubuta kusan 11,500 ne suka ajiye alƙalami. To amma ga yadda abin yake kasancewa: da asubar fari marubuta biyu ko uku za su tsaya a ƙofar wurin ɗaukar shiri riƙe da kwalaye. Direban motar da ke ɗauke da janareta da fitilu zai iso, ya gan su, ya taka birki, domin al'adar ƙungiyarsa ce ba a ƙetare layin masu yajin aiki. Ba janareta, ba ɗauka. Kafin hantsi an sallami mutum ɗari ko fiye, kowa ya koma gida da ledar abincinsa. Shi kansa direban ya san abincin gidansa ya ajiye a bakin ƙofar nan.

Tarihin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. A 1960 marubuta da 'yan wasa suka yi yajin aiki tare, lokacin Ronald Reagan ne shugaban ƙungiyar 'yan wasa, aka samo kason da ake biya in an haska fim a talabijin. A 1988 aka kwashe kwana 153, mafi tsawo. Daga Nuwambar 2007 zuwa Fabrairun 2008 aka yi kwana 100 a kan kuɗin abin da ake kallo ta intanet. Duk lokacin ma'aikatan bayan fage sun ji jiki, amma sun farfaɗo, domin akwai aikin da ke jiransu.

Wane irin aiki ne? Shirin tashar talabijin na da, mai awa ɗaya, kashi 22 yake yi a zango, kowane kashi kwana takwas ana ɗaukarsa. In ka lissafa, kusan mako 35 ke nan, daga Yuli zuwa Afrilu. Marubuta na can ofis suna rubuta kashi na goma, ana ɗaukar na bakwai, ana tace na biyar. Wanda ya samu gurbi a shirin da ya karɓu ya samu abin da ya yi kama da aikin albashi, shekara biyar ko bakwai, har ya ci bashin gida.

Mahaɗar da ba a cika waiwayarta ba ita ce 2009, shekara ɗaya bayan yajin aikin kwana 100. Babu kwalaye, babu 'yan jarida a bakin ƙofa. Tattalin arziki ya karye a 2008, kuɗin asibiti na ta hauhawa, asusun lafiyar ma'aikata kuma yana fuskantar giɓi. A yarjejeniyar da ma'aikatan bayan fage na Holiwud suka sabunta a shekarar, abubuwa biyu suka shiga, kuma a lokacin ba wanda ya ga sun haɗa hanya.

Na farko shi ne adadin awa. A Amurka inshorar lafiya da aiki take tafiya, ga waɗannan mutane kuwa da awa ake auna ta. Da can in ka yi awa 300 cikin wata shida, kai da iyalinka kun shiga inuwa na wata shida masu zuwa. Aka mayar da shi awa 400, ya fara aiki a 2011. Ga mai aikin awa 12 a rana, kwana biyar a mako, mako bakwai ne bai cika ba. Mai gurbi a shiri mai kashi 22 ko a jikinsa. Wanda abin ya shafa shi ne ɗan kiran rana, wanda ake nema yau a manta da shi gobe, kuma a wancan lokacin an ɗauka irinsa ba shi ne ginshiƙin sana'ar ba.

Na biyu shi ne wata takarda ta gefe a kan shirye-shiryen intanet. A 2009 abin da ake nufi da haka gajerun bidiyoyi ne na minti biyar, masu ƙaramin jari, ba wanda ya san ko za su kawo riba. Sai aka amince a yi musu sassauci wajen albashi da sharuɗɗan aiki har a ga kamun ludayinsu. A gaskiya shawarar ba ta wauta ba ce in ka duba abin da ke gaban mutane a ranar. Sai dai jaririn da aka yi wa rangwame ya girma da sauri. A Fabrairun 2013 aka saki shirin House of Cards a manhajar kallo ta Netflix, kashi 13 a rana ɗaya, da jari irin na manyan fina-finai. Daga baya an gyara sharuɗɗan ga shirye-shirye masu babban jari, amma salon aikin ya riga ya sauya.

Nan ne abubuwan biyu suka haɗu. Zango ya koma kashi takwas ko goma, ana rubuta su gaba ɗaya kafin a kunna kyamara, a ɗauka cikin 'yan watanni, sannan a yi shiru shekara ɗaya ko biyu kafin zango na gaba, in ma za a yi. Mai gurbin da ya saba da wata tara ya koma ɗan fafutuka, yana ƙirga awa kamar mai ƙirga canji. Ga kuma wata ɓaraka da ba a gani: shi ma'aikacin bayan fage ba a ba shi kason maimaici, wato kuɗin da ake biya in an sake haska shiri, a hannu kamar marubuci. Kasonsa asusun lafiya da fansho yake shiga, daga cinikin faifan DVD da sayar wa tashoshi tsofaffin fina-finai. Shirin da aka yi don manhajar kallo kuwa a manhajar yake zama, ba ya zuwa kasuwa ta biyu. Wato rijiyar da ke ciyar da asusun ta fara ja baya a daidai lokacin da cika awar ya ƙara wuya.

Abin da ya rufe asirin shi ne yawan aiki. Ƙididdigar da tashar FX ke fitarwa ta nuna shirye-shirye masu rubutaccen labari sun tashi daga kimanin 210 a 2009 zuwa kusan 600 a 2022. In wannan ya ƙare ka tsallaka wancan, a Atlanta ko Vancouver ko Landan. Sabbin hannu suka yi ta kwarara cikin sana'ar. Amma alamar gajiya ta fito a Oktoban 2021, lokacin da 'yan IATSE suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki da sama da kashi 98 cikin ɗari, a kan hutun awa goma tsakanin tashi da dawowa da kuma albashin shirye-shiryen intanet. An sasanta ana gab da farawa. Tun a 2022 kuma kamfanoni suka soma tsuke bakin aljihu, kafin marubuci ko ɗaya ya ɗaga kwali.

Sai a auna 2023 da wannan mudun. Daga 2 ga Mayu zuwa 9 ga Nuwamba ya haura wata shida, wato duk tsawon wa'adin da ake tara awa 400 a cikinsa. Akwai asusun ajiyar awa, amma ba ya wuce 450, wanda bai fi ya ceci mutum sau ɗaya ba. Wasu suka sayar da kayan aikinsu, wasu suka koma tuƙin haya, wasu suka bi layin karɓar kayan abinci. Masu gabatar da shirye-shiryen talabijin na dare su biyar har shirin murya suka haɗa don tara wa ma'aikatansu kuɗi. A shekarar adadin shirye-shiryen ya faɗo zuwa 516.

A 2024 ƙungiyar IATSE ta sabunta yarjejeniyarta ba tare da yajin aiki ba. An samu ƙarin albashi na kashi 7, da 4, da 3.5 cikin ɗari a shekara uku, an kuma buɗe wa asusun lafiya da fansho sabon kaso daga shirye-shiryen manhajojin kallo, shekara 15 bayan takardar gefen nan. Awa 400 ɗin tana nan inda take.