Ƙa'idar kwana 10 ta Windows: in kwamfutarka ta fara hukin bayan afdet

Kana cikin aiki lafiya lau sai maus ya tsaya cak, kibod ya daina jin magana, ka danne madannin wuta ta mutu ka sake kunnawa, ta yi awa biyu garau, ta kuma sandarewa. Kuma duk bayan afdet abin ya faro. To kafin ka kinkimi kwamfutar zuwa wajen mai gyara, akwai wata ƙa'ida ta Microsoft da yawancin mutane ba sa jin labarinta sai lokacinta ya wuce. Ba dokar gwamnati ba ce, tsarin kamfanin ne kawai, amma ita ce za ta nuna ko za ka koma inda kake cikin sauƙi ko sai an yi maka fomatin.

Ga yadda take. In ka yi babban afdet, wato daga Windows 10 zuwa 11, ko daga wata siga zuwa wata kamar 23H2 zuwa 24H2, kwana 10 aka ba ka ka ce ka fasa. A tsawon kwanakin nan tsohuwar Windows ɗinka na nan ajiye cikin wata folda mai suna Windows.old, ka shiga Settings, System, Recovery, ka danna Go back, ta mayar da kai. Kwana 10 na cika ita da kanta take share foldar saboda tana cin gigabait da yawa, madannin ya dushe, shi ke nan. Lokacin da Windows 10 ta fito a 2015 wata guda ake bayarwa, a 2016 suka rage shi zuwa kwana 10.

Inda matsalar take, lissafin daga ranar da afdet ya hau yake farawa, ba daga ranar da ka lura ba. Shi kuma irin wannan hukin ɗin ba shi da lokaci, yau sau ɗaya, gobe shiru, jibi sau uku, kafin mutum ya gane daga afdet ne ya cinye sati yana zargin bairos, yana zargin maus, wani ma ya ce ai disk ne ya cika bari in yi shara, ya buɗe Disk Cleanup ya ga wani ƙaton abu an rubuta Previous Windows installation ya goge da murna ya samu fili. To hanyar komawarsa ce ya goge da hannunsa, ko da kwana biyu ne da afdet ɗin.

Shi ya sa ni a ganina abin farko ba neman dalilin hukin ba ne, ƙara wa'adin ne. Microsoft ta yarda a ja shi har kwana 60. Ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60 ka danna Enter. Amma fa sai cikin kwana goman, in sun wuce ba abin da zai dawo maka da shi. Daga nan sai ka yi bincikenka a natse.

Komawar na da sharuɗɗa. Fayilolinka ba a taɓa su, duk da haka kwafe su a flash tukuna. Manhajojin da ka sa bayan afdet sai ka sake sa su, setin da ka canza ya tafi, kuma tsohon faswod ɗinka za ta tambaye ka, in ka manta ka kulle kanka a waje. In mai gyara goge komai ya yi ya ɗora sabuwa daga flash, babu Windows.old balle komawa. Sannan in kwamfutar ta tebur ce ba batir, kar ka soma sai da UPS ko inbata ko janareta, a ɗauke wuta ana tsakiyar komawa wata fitinar ce daban.

Ƙananan afdet na wata-wata kuma, waɗanda ke zuwa Talata ta biyu a kowane wata da lamba mai farawa da KB, hanyarsu daban. Su a Update history ake cire su, ƙarƙashin Uninstall updates, ka duba kwanan wata ka ga wanne ne ya shigo dab da fara matsalar. Wasu ba sa ciruwa, haka aka yi su. In kwamfutar ba ta ma barinka ka kai can, danne Shift ka danna Restart, cikin Advanced options akwai wajen cire afdet na ƙarshe, babba ko ƙarami. Kana cirewa ka dakatar da afdet, in ba haka ba da dare zai lallaɓo ya dawo ya cinye maka data a banza. Dakatarwar har sati biyar ce.

Akwai kuma abin da suke kira safeguard hold. In Microsoft ta gano sabuwar siga na rigima da wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani sashe na kwamfuta, ko wata manhaja, sai ta hana afdet ɗin zuwa wa masu irin wannan na'ura har a gyara. Bayan fitowar 24H2 a Oktoba 2024 an yi haka kan wasu direbobin sauti na Intel, da wasu gem na Ubisoft da ke sandarewa ana cikin bugawa. Don haka in naka bai zo ba alhali na abokinka ya zo, ba mantawa aka yi da kai ba. Masu zumuɗi sai su sauke su tura da ƙarfi, kamfanin kuwa ya faɗa ɓaro-ɓaro kar a yi.

Wannan ya fi shafar masu kwamfuta 'yar gwanjo, irin wadda ta cika shagunan buga takardu da kafe. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashe na tsaro a cikin kwamfuta, da ram giga 4, da furosesa wanda a ɓangaren Intel galibi daga ƙarni na 8 ne zuwa sama. Masu gyara sun iya zagaye sharaɗin su ɗora ta kan tsohuwar na'ura, tana kuma tashi, sai dai matsayin Microsoft shi ne ba ta tallafa wa irin wannan, ba ta yi alkawarin afdet ba, kuma ɓarnar da rashin dacewa ya jawo garanti bai ɗauke ta ba. In taka irin wannan ce ta fara hukin, komawa Windows 10 shi ne abin da su kansu suke ba da shawara. Amma ita ma 10 ɗin an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ESU na ƙarin wa'adi, shi ma afdet na tsaro kaɗai yake samu.

Wani amfanin komawar, gwaji ne. In ka koma hukin ya tsaya, to afdet ne ko direbansa, sau da yawa na katin hoto, sai ka jira sabon direba daga kamfanin da ya ƙera kafin ka sake gwadawa. In ka koma tana nan tana yi, ba afdet ɗin ba ne, lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya, sai a buɗe ta a duba ƙurar da ta toshe fanka, a cire ram a goge a mayar, a gwada shi da Windows Memory Diagnostic, a kuma duba akwatin wutar ciki, don wutar nan mai hawa da sauka ba ƙaramin gajiyar da shi take ba.