Ƙato ne a ido, amma huhunsa bai nuna ba

Idan aka ɗora jariri a sikeli ya haura kilo 4, dangi murna suke yi: "Tubarkalla, wannan ai basamude ne!" Mu ma'aikatan ɗakin haihuwa kuwa ƙirjinsa muke zuba wa ido, musamman in uwar tana da ciwon suga. Na sha ganin irin wannan ƙaton yana nishi, ƙofofin hancinsa na buɗewa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk numfashin da ya ja, tamkar bakwaini.

Sugan da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da ke rage suga a jini, ba ya ratsawa. Sai jikin yaron ya dage yana samar da nasa da yawa. Insulin ɗin nan shi ke tara masa ƙiba, shi ne kuma ke jinkirta wani ruwa mai santsi da huhu ke fitarwa, wanda likitoci ke kira safaktan. In babu shi, 'yan jakunkunan iska na huhu mannewa suke yi, kamar jiƙaƙƙiyar leda da ka rasa bakin buɗe ta.

Ta yaya aka gano haka, tunda ba a leƙa huhun ɗan da ke ciki? Da dabbobi. Masu bincike kan yi wa ɓera ko zomo allurar sinadarin streptozotocin ko alloxan, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, dabbar ta kamu da suga. Cikin ɓera mako uku ne, na zomo wata guda, don haka ba a daɗewa ake duba huhun 'ya'yan, kuma an sha tarar da shi a baya wajen nuna. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma abin da aka gani ya yi daidai da wanda muke gani a kan gadon jarirai. Hatta allurar nunar da huhu da ake yi wa mai shirin haihuwar bakwaini, daga tumaki aka samo ta: wani likita mai suna Graham Liggins ya lura da ita a New Zealand a 1969, aka fitar da sakamakon gwajinta a kan mata a 1972. Sai dai allurar tana tayar da suga, don haka mai ciwon kada ta ɓoye wa likita.

'Yar'uwa, tsakanin mako na 24 da na 28, ki nemi a yi miki gwajin suga a wurin awo. Da safe ake zuwa ba a karya ba, a ɗebi jini, ki sha ruwan gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. In kin taɓa haihuwar ƙato, ko ɗa ya taɓa mutuwa a cikinki, ko akwai ciwon a danginku, ki faɗa tun zuwan farko. Ki rage lemon kwalba da sukarin kunu da na shayi, malmalar tuwo ta ragu, ganye da wake su ƙaru, ki ɗan taka bayan cin abinci.

Maigida, kai ma da kai nake. Girman ciki ba dalilin neman maganin tayar da naƙuda ba ne. Ranar haihuwa likita zai tsayar, kuma a asibitin da ke da iskar oksijin. Da jaririn ya faɗo a sa shi a nono, domin sugansa kan faɗi ƙasa cikin awannin farko.