Rumbunan Tallar Taba na Mail Pouch

Rumbunan Mail Pouch manyan gine-ginen katako ne na gonakin Amurka, irin waɗanda manoma ke adana ciyawa da kayan aiki, su kuma kwantar da dabbobi a ciki, waɗanda aka rubuta wa tallar tabar taunawa mai suna Mail Pouch a bango. Kamfanin Bloch Brothers na garin Wheeling a jihar West Virginia, wanda 'yan'uwa biyu, Aaron da Samuel Bloch, suka kafa, shi ya fara wannan talla wajen shekarar 1891. A farkon shekarun 1960 adadin rumbunan ya kai kimanin 20,000 a jihohi 22, galibi a Ohio da Pennsylvania da West Virginia da Indiana da Kentucky.

Ana shafe bangon da ke fuskantar hanya da baƙin fenti, wani lokaci ja, sannan a rangaɗa manyan haruffa farare da ruwan ɗorawa masu kiran mai wucewa ya tauna Mail Pouch, ya kyauta wa kansa da mafi kyau. Kuɗin hayar bangon bai taka kara ya karya ba, a farko dala ɗaya ko biyu ne a shekara. Ribar manomi ita ce fentin kyauta, domin yana kare katako daga ruwa da rana, kuma bayan 'yan shekaru ma'aikatan kamfanin kan dawo su sabunta shi.

Wanda ya fi suna a cikin masu fentin shi ne Harley Warrick na garin Belmont a Ohio. Ya shiga aikin a 1946, bayan dawowarsa daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ayarin masu fenti suka zo yin aiki a rumbun gidansu. Da ido yake auna komai, ba ya aza wani ma'auni. Yakan fara da harafin E na kalmar CHEW, wato "tauna" da Turanci, kalmar farko ta tallar, daga nan sauran haruffan su sami mazauninsu, kuma cikin sa'o'i shida ya kammala bango guda.

Dokar ƙawata manyan hanyoyi ta 1965 ta taƙaita talla a cikin tazarar ƙafa 660 daga manyan hanyoyin tarayya, abin da ya rage aikin ƙwarai. A 1974 majalisa ta yi wa dokar gyara, aka keɓe irin waɗannan tsofaffin tallace-tallace a matsayin alamun tarihi. Shirin ya tsaya a 1992 da Warrick ya yi ritaya. Ya rasu a 2000.

Yau rumbuna da yawa sun rushe. A waɗanda suka rage baƙin fentin ya koɗe ya koma toka-toka, haruffan sun ɓare sai inuwarsu a jikin katako. Masu sha'awar tarihi na ɗaukar hotunansu, wasu kuma na tara kuɗi a sake fentin, ko da yake da yawansu ba su taɓa sa tabar a baki ba.