Idan jirgi ya daina bin dogo, filin na wa ne?

Wani maƙwabcina a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, mai fataucin shanu, ya dawo daga Kudu yana ba ni labarin layin dogon Mbanga zuwa Nkongsamba, wanda jirgi ya daina bi tun shekarun 1990. Ya ce ciyawa ta cinye ƙarafan, mutane sun kakkafa rumfuna. “Ai Malam, wannan fili ya zama na wanda ya riga kowa.” Na ce a'a Alhaji, ba haka doka ta ce ba.

Dokar ita ce mai lamba 74-2 ta 6 ga Yulin 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, shekarar da dogo ya iso garin nan. Ta sanya layin da mita 35 ta kowane gefe, idan an auna daga tsakiyarsa, cikin dukiyar jama'a. Faɗin mita 70 ke nan. Ba a sayar da shi, ba a ƙwace shi don bashi, kuma daɗewa a kai ba ta mallaka wa kowa. Ko shekara talatin ka yi kana noman masara a wurin, ba za ka samu titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, ba. Iyakarta izinin zama na ɗan lokaci, wanda hukuma ke iya janyewa.

Mutuwar layi ba ta canza wannan. Sai an fitar da dekire, wato umarnin gwamnatin ƙasa, an cire filin daga dukiyar jama'a, ya koma cikin filayen da gwamnati ke da ikon sayarwa. Magajin gari shi kaɗai ba ya iya wannan.

To a nan ne fa tsorona yake. Da zarar an yayyanka shi fuloti-fuloti, an yi asarar doguwar hanya mai shimfiɗa, marar hawa da gangara, wadda kuɗi ba sa dawo da ita. Shi ya sa a 1983 Amurka ta yi dokar ajiye layi: a mayar da shi hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke, amma ranar da jirgi ya buƙace shi, ya dawo. Birnin Paris ma ya buɗe irin wannan hanya a kan tsohuwar gadar dogo a 1993.

Wani zai ce wannan gayun Turawa ne. Ni dai na tuna 'yan makaranta da ke kutsawa tsakanin masu mashin da manyan motocin Chadi a hanyar tasha da sassafe. Alhaji kuwa tambayarsa ɗaya: ko za a bari a kora shanu ta kai?